Odar da Uwar Ajiya Ba Ta Kai Ba

Bango ɗaya ne ya raba shagona da gidan abincin Uwar Ajiya, bangon ma bai cika bango ba, don in ta yi atishawa daga nawa ɓangaren nake yi mata sannu. Ni zare nake sayarwa, da maɓalli da zif da allura. Ita shinkafa take dafawa da kaza da wake, tana da 'yan tebura a ciki, da kantar karɓar kuɗi a bakin ƙofa, da firiji mai gurnani kamar tsoho yana barci. A titin nan muka yi furfura tare. Mun yi faɗa a kan ruwan wanke-wanke da take kwararowa gaban shagona, mun shirya, mun sake yi, har muka gaji muka zama 'yan uwa.

Ni na raɗa mata sunan, kuma ban yi nadama ba. Matar nan ba ta iya amfani da abu mai kyau. Farantan da aka kai ta gidan miji da su suna nan cikin kwalinsu, ita kuwa tana zuba wa mutane abinci a tsofaffi masu karyayyen baki. Tana da sabuwar laima a bayan ƙofa, amma in ruwa ya sauko mai yoyon take ɗauka. In kika ba ta kyauta, to ki kalli abin da kyau kafin ki miƙa, don ganinki da shi na ƙarshe ke nan. In na yi mata tsiya sai ta ce, "Ke dai bari, maƙwabciya, akwai ranar buƙata."

Ban cika zarginta ba. Mijinta ya rasu 'yarsu tana goye, bai bar mata komai ba sai katifa da rediyo. Da tukunya ɗaya ta fara, a bakin titi, tana fifita gawayi da murfin kwano, har Allah ya buɗa mata ta kama shagon nan. Dubi bayan hannunta, duk tabon mai ne. Mutumin da ya taɓa wayar gari ba shi da na biyu a komai, in ya samu na biyun ba ya sakinsa da sauƙi.

Ɗan uwa ɗaya gare ta a duniya, yayanta, wanda kowa ya sani da Direba saboda shekarun da ya yi yana jan motar fasinja ta dogon zango. Ba sa magana. Abin ya samo asali ne tun rasuwar mahaifiyarsu. Tsohuwar ta kwanta ciwo yana kan hanya, aka ce wa Uwar Ajiya ta aika masa ta tashar mota, ta ce a'a, kada hankalinsa ya tashi yana riƙe da rayukan mutane, a bari ya dawo. Ta adana labarin kamar yadda take adana komai. Ko da ya dawo an riga an binne. Ya tsaya a tsakar gida da jakarsa a kafaɗa ya ce mata, "Uwata ce ni ma. Wa ya ba ki ikon ɓoye mini?" Daga ranar bai sake taka inda take ba. Mutum ne mai taurin kai na ƙin ƙarawa, ita ma ba baya ba ce, sai dai ita tata zuciyar a kullum tana bakin ƙofarsa.

'Yarta, da muke kira Auta duk da ita kaɗai ce, ta girma ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ita ta shigo wa uwarta da zamani. Ta sa aka jawo waya aka kafa akwatin intanet a saman firiji, ta kawo na'urar biya da kati, ta buɗe wa shagon shafin da mutum zai yi oda daga gida. Aka jingina wata waya mai faɗi a kan kanta, muka sa mata suna allo. In oda ta shigo sai allon ya yi ƙara, a zuba, mai babur ya ɗauka ya kai. Da farko Uwar Ajiya tsoron taɓa shi take yi, da bayan cokali take dannawa. Ita har yau wayarta ƙarama ce mai maɓalli, wadda ba ta san wani abu intanet ba.

Ina zaune a wurin ranar da Auta ta kawo na biyun. Ɗan akwati ne fari, bai fi sabulun wanka ba, da sim na wani kamfani dabam a cikinsa.

"Inna, wannan shi ne na ko-ta-kwana," in ji Auta. "In babban layi ya ɗauke, ki danna nan, allo zai kama shi da kansa, na riga na haɗa su. Amma ki riƙa kunna shi jefi-jefi ko da ba a buƙata."

"In ina kunnawa ai ƙarewa zai yi."

"Ba kananzir ba ne, Inna."

"Komai ƙarewa yake yi," in ji uwar, ta karɓa da hannu biyu.

Auta na fita ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta sa a leda, ta sa ledar cikin sabuwar tukunyar da ba a taɓa ɗorawa a wuta ba, ta rufe. Da wata ya ƙare Auta ta ce za ta sa masa data, uwar ta hana. Na farkon ma ba a taɓa ba, in ji ta, me za a ƙara a kan abin da yake cike? Aiki ya sha kan yarinyar, maganar ta bi iska. Ni ma da nake ganin na fi ta wayewa ban san cewa layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani rufe shi yake yi ba.

A tsakanin nan ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Direba. Ya tashi da ƙyar, hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, harshe kuma ya tafi gaba ɗaya, sai wani sauti da ba a gane shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba, yana zaune shi kaɗai a wani ɗakin haya a saman bene can ɗaya gefen gari. Uwar Ajiya ta je asibiti da gudu, ɗankwali a hannu. Yana ganinta ya juya fuska bango, bai juyo ba har ta fita. Auta kaɗai yake bari ta shiga. Da aka sallame shi ta ce za ta riƙa kawo masa abinci daga wurin Inna, ya buga sandarsa a ƙasa. Ta ce to ya saya kamar kowa. Wannan karon bai buga sandar ba. Sai ta sa masa shafin shagon a fuskar wayarsa, da babban maɓalli guda da babban yatsan hagu zai iya dannawa, shinkafa da kaza, ba barkono. Lambar uwarta kuwa da ta so sa masa, fizge wayar ya yi.

Wata rana da hantsi ina auna wa wata tela zif sai na ga maƙwabciyata ta shigo, ludayi a hannunta, ta zauna a kan buhun auduga.

"Yaya ya yi oda," ta ce.

Ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba ko a ranar da aka kusa ƙwace mata shago. Na kori telar, na jawo ƙofa. Da ta gama ta share fuska da gefen zani, ta koma ta zaɓi cinyar kaza mafi laushi, ta yanka ƙanana yadda mai hannu ɗaya zai iya ci da cokali. Ba ta zuba a roba irin ta kowa ba. A kularta ta gida ta zuba.

Haka suka koma magana ba tare da magana ba. Kullum kafin rana ta take allon zai yi ƙara, ta leƙa, ta ce, "Ya tashi lafiya." Mai babur ya kai, ya dawo da kular jiya a wanke, wankin hannu ɗaya, da sauran maiƙo a gindi. Ba ta taɓa barin kowa ya sake wanke ta a gabanta ba.

Sau ɗaya ta yi kuskure. Wata rana oda ba ta shigo ba, ashe ya je ganin likita, ita kuwa ta zuba ta aika haka nan. Abincin ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. Mai babur ya ce, "Mama, tsohon nan da sanda ya nuna mini matakala." Daga nan allon ya daina kiran sunansa har fiye da wata guda. Ta rame, wuyanta ya fito. Ranar da ya huce ya sake dannawa, ta rantse mini ko duniya za ta tashi ba za ta ƙara aika abin da bai nema ba. Na ce mata ni da yayana ne da tuni na je na ɓalle ƙofar na zazzage masa. Ta ce shi ya sa Allah bai ba ni irinsa ba.

Abin da ya sa ta fara sa rai, alewa ce. Wata rana aka buɗe kular da ta dawo aka ga alewar na'a-na'a guda ɗaya a ciki, a takardarta. Irin wadda yake kawo mata tsaraba tana ƙarama in ya dawo daga tafiya. Ta zo ta nuna mini a tafin hannu kamar zinariya. Na ce ta sha mana. Ta harare ni, ta je ta jefa a kwalba ta rufe. Daga nan ta fara cewa, "Kafin shekara ta ƙare zai bari in shiga. Ni da kaina zan kai masa, in zauna ya ci a gabana." Ba ta da wani buri da ya wuce wannan.

Ranar da abin ya faru, masu gyaran magudanar ruwa ne suka zo da katafila tun da safe. Ba a jima ba bakin katafilar ya tsinke wayar da ke ƙarƙashin ƙasa, intanet ɗin titin gaba ɗaya ya ɗauke. Ni bai dame ni ba, mai sayen allura da tsabar kuɗi yake zuwa. Amma a gidan abinci ranar an ga ta kansu. Na'urar kati ta ƙi, ma'aikatan ofis da suka saba cin rana a nan suna shiga suna fita, wani ya ci ya laluba aljihu babu komai sai kati. Mai babur ya jira ya gaji, ya ce bari ya leƙa wata unguwa inda ake aiki.

Uwar Ajiya kuwa har da ɗan murmushinta. Ta leƙo ta ce mini, "Maƙwabciya, zo ki ga ranar buƙata." Ta sauke sabuwar tukunya, ta kwance leda, ta warware tsumma. Akwatin yana nan fari fes kamar jiya aka saya. Muka sa shi a caji, muka danna inda Auta ta nuna. Fitila ta kama, ja. Muka jira ta koma kore, ta ƙi. Muka kashe muka kunna, muka ɗaga shi sama, muka fita da shi bakin titi, na hau kujera da tsufana na riƙe shi kusa da taga. Ja dai.

"Ai ban taɓa shi ba," take ta faɗa. "Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa shi ba."

Ta kira Auta, wayar a kashe, don a ɗakin gwaji ba a shiga da ita. Wani cikin masu cin abinci ya ce a haɗa allon da wayarsa, amma allon ya nemi lambar sirri, Auta kaɗai ta san ta. Mutumin ya ga abin zai ɗauke shi lokaci ya kama gabansa.

Rana ta take. Ta yanka kazar ƙanana, ta zuba a kula, ta ajiye a kan kanta kusa da allon da ya yi shiru. Ta tsaya tana kallonsu su biyu.

Na ce, "Ki tare ɗan tasi ki aika kawai. Ai kin san ya danna."

"In bai danna ba fa? In yau ma ya fita?"

"To ya dawo da shi, sai me?"

"Ke ba ki san Yaya ba. Wancan karon wata guda ya yi. Wannan karon, bayan alewa, in na ɓata..." Ta girgiza kai. "Yana da burodi da shayi a ɗaki, Auta ta ce. Yunwar wuni ɗaya ba ta kisa. In layi ya dawo na gani da idona, sai in aika har da ban haƙuri."

Maganarta da hankali a ciki, ba zan ce babu ba. Shirun allon yana da dalilin da kowa yake gani a bakin titi, ga rami ga katafila. Babu wanda ya kawo wani dalilin a ransa. Ta ɗumama abincin, ya huce, ta sake ɗumamawa.

Sai da la'asar ta yi sanyi Auta ta sauko daga mota, da fararen kayan aikinta a jaka. Ta ji bayani, ta duba ɗan akwatin ta ce, "Inna, an rufe sim ɗin nan tuni." Ba ta tsaya faɗa ba. Ta buɗe allon, ta haɗa shi da wayarta. Duka aikin bai kai a sha kofin ruwa ba.

Allon ya yi ƙara. Uwar Ajiya ta miƙa hannu kan kula tana cewa, "Kin gani, ya danna." Ya sake yin ƙara. Ya sake. Bai tsaya ba. Ƙara a kan ƙara, wata ba ta gama ba wata ta hau, har mutanen da ke kan tebur suka ajiye cokula. Auta tana jan fuskar allon da yatsa, sunan mutum ɗaya ne daga sama har ƙasa, shinkafa da kaza ba barkono, shinkafa da kaza ba barkono. Ta farko tun da hantsi ta fito daga wayarsa. Da farko a jere suke kusa da kusa, can ƙasa sai tazara ta fara shiga tsakani, tana ƙara faɗi, sannan babu.

"Kawu ba ya cin kula biyu," in ji Auta.

Uwar ta riga ta gane. Ko takalmi ba ta sa ba.

Ni na bi su da takalman a hannu. Muka tare tasi har gidan, muka hau benen, ƙofa a kulle ta ciki, aka kira mai gidan da wani kafinta suka ɓalle. Yana kwance tsakanin gado da ƙofar banɗaki, sandar ta yi nisa da shi, wayar tana ƙarƙashin hannunsa na hagu, caji ya ƙare. Ciwon ne ya dawo masa. Mutumin da ba shi da harshen kira, ba shi da lambar kowa da yatsansa zai iya lalubowa, maɓalli ɗaya ya sani a duniya, kuma ya san wadda take ɗaya ƙarshen. Ita ya kira, wuni guda.

Da ransa muka same shi. Ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta tana cewa, "Yaya, ni ce. Na zo, Yaya. Ban ji ba ne, wallahi ban ji ba." Idonsa a buɗe yake. Ban san ko ya gane ta ba, ba zan yi ƙarya don labari ya yi daɗi ba. Abin da na gani shi ne bai juya fuska bango ba. A asibiti likita ya tambayi tun yaushe, Auta ta faɗa masa, ya girgiza kai ya ci gaba da rubutu. Auta ma'aikaciyar asibiti ce, ta san an riga an makara. Kwana kaɗan ya yi, bai farfaɗo ba. Allah ya jiƙansa.

Na ji haushi, har yau ina ji. Na ji haushin katafila, da kamfanin da ya rufe layi, da taurin kan mamacin, da tukunyar nan da ban ɗauka na jefar ba tun shekarun baya. Ita kuwa ba ta zargi kowa ba. Da ta dawo shago abu na farko da ta yi, ta sa Auta ta sayo sabon sim. Ɗan akwatin yanzu a fili yake a saman firiji kusa da babban, ko tsumma babu. Kowace safiya kafin ta ɗora ruwa sai ta kunna shi, ta tsaya har fitilar ta zama kore. Ta bi titin nan shago-shago, mai magani, mai burodi, mai gyaran waya, tana tambaya, "Kana da na biyu? Yaushe rabonka da kunna shi? Kunna in gani." Wasu suna yi mata dariya a bayan ido. Ni in na ji, sai na ci musu mutunci.

Odar Direba kuwa suna nan a allon, jere, ba a kai ba. Auta ta ce bari ta goge su, ganinsu yana hana uwar sukuni.

"Kar ki taɓa," in ji Uwar Ajiya. "Mutum ya yi oda. Sai a dafa."

Tun daga nan kullum rana ta take sai ta yanka kaza ƙanana, ta zuba shinkafa ba barkono, ta leƙa titi. Wani lokaci mai shara take kira, wani lokaci tsohuwar da ke jiran mota, wani lokaci cikin leburorin magudanar nan su kansu. Ta zaunar da mutum, ta zuba masa a sabon faranti, don kwalin nan ma ta buɗe shi, ta zauna gabansa har ya cinye. Sannan ta je ta danna cewa an kai guda ɗaya. Jerin yana ta raguwa, ni ina lura, don in na shiga aron wuta idona yakan kai wurin.

Makon jiya na shiga na ga saura ɗaya, ta can ƙasa, wadda ya danna a ƙarshe. Washegari na ga tana nan. Jiya ma tana nan. Rana ta take, ta wuce, ba ta yanka kazar ba. Ta kama ni ina kallon allon, ta sa gefen zani ta goge ƙurar da ke fuskarsa a hankali, tana kauce wa wurin da yatsa zai iya dannawa.

"Wannan zan ajiye," ta ce.

Na buɗe baki, don tsiya ta riga ta zo mini kan harshe kamar kullum. Sai na rufe, na ɗauki garwashina na koma shago.